Thuwal ko Cardiff: ina za a je neman digirin digirgir kan gadon gigin tsufa da taɓin hankali?

Wata Juma'a bayan la'asar, a gidanmu da ke Shari'u Mansur a Makka, tsohuwarmu ta ɗaga kai ta kalli jikarta, yarinyar da ita ta yaye ta da hannunta, ta ce, "Sannu baƙuwa, daga wane gari?" Ɗakin ya yi tsit. Yarinyar ba ta nuna komai a fuska ba, ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce daga Kano take. Hajiya ta shiga tambayarta ya ta baro mutanen Ƙofar Mata, unguwar da rabonta da ita ya fi shekara hamsin. Aka sha shayi, aka tashi. Sai da dare yarinyar ta same ni ni kaɗai ta ce, "Kawu, ƙanwar Hajiya ma haka ta ƙare. Abin nan a jini yake?"

Na ce mata komai na Allah ne, na kawar da zancen. To ita ba irin yaran da ake cewa su yi haƙuri su tafi ba ce. Ta gama digiri na biyu a fannin ƙididdiga a Jidda, kuma bayan wata uku ta dawo da takarda a hannu, ta jero sunayen jami'o'i, ta ce digirin digirgir take so ta yi kan yadda ake amfani da lissafi wajen gano ƙwayoyin gadon da ke da hannu a gigin tsufa da taɓin hankali. Da yake na daɗe ina aikin tattara bayanan marasa lafiya a wani asibiti, sai ta ɗauka ni ne zan raba mata gardama. Mun yi makonni muna tufka da warwara. Abin da muka tattauna shi zan zayyana, domin na san akwai irinta da yawa a Makka da Jidda da Madina: an haife su a nan, suna riƙe da igama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, da fasfon Nijeriya ko Nijar ko Sudan, suna da ƙwaƙwalwa, amma ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba.

Sai an fahimci aikin kafin a san inda za a je koyonsa. Mutane da sun ji ƙwayoyin gado sai su hango farar riga da kwalabe. Wannan fannin ba haka yake ba. Wuni ake yi a gaban kwamfuta. Za a ba ka bayanan mutum dubu hamsin masu cutar da wasu dubu ɗari marasa ita, kowannensu an karanta miliyoyin wurare a ƙwayoyin gadonsa inda mutane ke bambanta da juna. Aikinka ka gwada kowane wuri ɗaya bayan ɗaya, ka ga ko wani harafi, daga cikin haruffan da aka rubuta ƙwayoyin gado da su, ya fi yawa a masu cutar. Da yake gwajin ya kai miliyoyi, dole wasu su fito da kamar suna da alaƙa alhali dace ne kawai, shi ya sa aka tsananta ma'auni: ba a yarda da sakamako sai yiwuwar ya zama dace ta gaza biyar cikin miliyan ɗari. Wannan tsananin ne ya sa mutum ɗari biyar ko dubu ba sa isa. A 2014 gamayyar masu binciken ƙwayoyin gadon taɓin hankali da ake kira PGC ta gano wurare 108 masu alaƙa da sikizofireniya, wato nau'in taɓin hankalin da mutum ke jin muryoyi yana ganin abin da babu. A 2022, da aka haɗa marasa lafiya sama da 76,000, adadin ya kai 287. Haka ma cutar Alzheimer, wadda ita ce sanadin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na gigin tsufa: a 2022 aka kai wurare 75, 42 daga ciki sababbi. Ba dabara ce ta ƙaru sosai a tsakani ba, yawan mutanen ne ya ƙaru.

Saboda haka na ce mata ta ajiye maganar sunan jami'a da kyan gini. Abu biyu ne ke yin ɗalibi a wannan fanni: bayanan da za a ɗora masa a hannu, da mushrifi, wato malamin da ke kula da bincikensa, wanda zai zauna da shi ya nuna masa inda ya yi kuskure. Kuɗi na uku ne, ko da yake a wurinmu na ukun nan kan tashi ya hau kan na ɗaya.

Mu fara da na kusa. Jami'ar KAUST tana Thuwal, kimanin kilomita 80 arewa da Jidda, an buɗe ta a 2009. Da Turanci ake karatu, kuma ba ta tambayar ɗan wace ƙasa ne kai kafin ta ba ka minha, wato tallafin karatu. Duk wanda ta ɗauka ba ya biyan kuɗin makaranta, ana ba shi gida da kula da lafiya, ga alawus na dala 20,000 zuwa 30,000 a shekara, wato riyal 75,000 zuwa 112,500, babu haraji. Yarinyar da mahaifinta ke biya mata riyal 400 duk wata na kuɗin masu zama a ƙarƙashin igamarsa, ta san darajar wannan lissafin. Sashen ƙididdigarsu ba na wasa ba ne. Akwai Håvard Rue, wanda ya ƙirƙiro hanyar lissafin INLA da ake amfani da ita a duniya, akwai Marc Genton, akwai Hernando Ombao wanda aikinsa a kan bayanan ƙwaƙwalwa yake. Ga babbar kwamfutar Shaheen, wadda aikin da zai cinye maka mako a wani wuri za ta gama shi kafin ka dawo daga sallar isha'i. Sannan daga can zuwa gida tafiyar da ba ta kai awa biyu ba ce. A gidan da uwa ke cewa 'yarta ba za ta kwana a ƙasar da ba muharrami ba, wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma ban ga dalilin da zai sa a yi kamar babu ita ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne, KAUST jami'ar kimiyya da fasaha ce, ba ta da kwalejin likitanci, ba ta da asibitin koyarwa. Ƙarfinta a lissafi da kwamfuta yake, ba a tarin masu gigin tsufa da aka bi shekara da shekaru ba. Wannan giɓin ya ragu fiye da da, gaskiya. PGC tana sakin taƙaitaccen sakamakonta kyauta a intanet, kuma rumbun UK Biobank, mai ɗauke da bayanan mutum rabin miliyan, a buɗe yake ga duk mai binciken da aka amince wa ko a ina yake, ta intanet ake shiga a yi aikin. Don haka mutum na iya zama a Thuwal ya ƙirƙiro sabuwar hanyar lissafi ya gwada ta a kan bayanan Birtaniya. Sai dai zai fita a matsayin masanin ƙididdiga da ya taɓa ƙwayoyin gado, ba wanda ya tashi a cikin masu binciken gigin tsufa ba. Bambancin yana bayyana ranar da sakamako ya fito da wani abu baƙo, ka rasa likitan ƙwaƙwalwa a ofishin kusa da zai ce maka, "A'a, waɗannan ai ba Alzheimer ke damunsu ba, shanyewar ɓarin jiki suka yi."

Akwai wata dukiya a Saudiyya da Turai ba ta da ita, kuma a Riyad take. Fiye da rabin auren da ake yi a ƙasar nan na zumunci ne. Idan 'yan uwa suka yi aure, ɗa na iya gadon gurɓataccen harafi ɗaya tak ta wajen uwa da ta wajen uba, cutar da ta ɓuya tun kakanni sai ta fito fili. Ta wannan hanyar Fowzan Alkuraya da abokan aikinsa a Asibitin Ƙwararru na Sarki Faisal suka gano ƙwayoyin gado masu yawa da ke haddasa naƙasar ƙwaƙwalwa a yara, kuma ƙasar ta ƙaddamar da shirin karanta ƙwayoyin gadon 'yan ƙasa tun 2013. Amma a lura, wannan salon bincike daban ne. Nan ana bin gida guda ne mai yara uku ko huɗu da suka kamu, a nemo harafi ɗaya mai ƙarfi. Gigin tsufan Hajiya da sikizofireniya ba haka suke ba, ɗaruruwa ko dubban ƙananan haruffa ne ke taruwa, kowanne da ɗan nauyinsa. Akwai nau'in Alzheimer da harafi ɗaya ke kawowa, mai kama mutum yana ɗan arba'in da wani abu, kamar na babban dangin nan na yankin Antioquia a ƙasar Kolombiya da marigayi Francisco Lopera ya shafe rayuwarsa yana bi, amma irinsa kaɗan ne ƙwarai. Wanda zuciyarsa ke wajen zama da iyalai da zana bishiyar dangi, Riyad ta fi masa Cardiff nesa ba kusa ba. Wanda lissafin manyan alƙaluma ke burge shi, ba nan ne gidansa ba. A jami'o'in gwamnati kuma akwai abin da ake kira minha ta cikin gida, wadda aka ware wa baƙi mazauna ƙasar masu igama, daban da ta waɗanda ake ɗaukowa daga waje. Yaranmu da yawa ba su ma san da ita ba.

Yanzu Cardiff, a yankin Wales na Birtaniya. Idan ana maganar wannan fanni, nan ɗaya ne daga cikin gidajensa na asali. Tun da aka gano a 1993, a Jami'ar Duke ta Amurka, cewa wani nau'in ƙwayar gado mai suna APOE4 na ƙara haɗarin Alzheimer, sai aka yi shekara goma sha shida ba a sami wani abin kirki da ya tabbata a kan nau'in cutar da ke zuwa da tsufa ba, har 2009 da tawagar Julie Williams ta Cardiff ta gano ƙwayoyin gadon CLU da PICALM, a daidai lokacin da wata tawagar Faransa ta gano CLU da CR1. A ɓangaren taɓin hankali akwai Michael Owen da Michael O'Donovan, waɗanda suna cikin jagororin binciken sikizofireniya na PGC. Akwai Valentina Escott-Price, wadda aikinta shi ne tara waɗancan ƙananan haruffan a fitar da maki ɗaya da ke nuna haɗarin mutum. Cibiyar Binciken Gigin Tsufa ta Birtaniya, da aka kafa a 2017, tana da reshe a can. Ɗalibin da ya shiga irin wannan wuri, ranar farko zai tarar da bayanai a jibge da mutanen da suka san kowane lungu na bayanan. Jami'ar King's a Landan da ta Edinburgh ma suna da ƙarfi, musamman a ciwon damuwa.

Wani aikin Cardiff ne ya sa 'yar tawa ta miƙe zaune. Akwai magani mai suna clozapine, shi ake ba masu sikizofireniyar da ta ƙi jin sauran magunguna. Yana iya karya fararen ƙwayoyin jini, don haka ana auna jinin mai sha a kai a kai, in adadin ya sauka a tsayar da maganin. An daɗe ana lura cewa baƙaƙen fata sun fi faɗawa cikin waɗanda ake tsayar wa. A 2019 masu bincike a Cardiff suka duba marasa lafiya 'yan asalin Afirka suka nuna cewa babban dalilin shi ne wani nau'in jini da ake kira rashin Duffy, wanda kusan duk mutumin Afirka ta Yamma yana da shi, yana kare mu daga wani nau'in zazzaɓin cizon sauro, kuma yana sa adadin fararen ƙwayoyinmu ya zauna ƙasa da na Bature ba tare da wata cuta ba. Ma'ana ana iya hana mutum maganin da ya dawo masa da hankalinsa saboda an auna shi da mudun wasu. Ta ce, "Kawu, irin wannan nake so in yi." Na ce to ki saurari maganar kuɗi tukuna.

Ɗalibin waje a Birtaniya kuɗin makarantarsa kan haura fam 20,000 a shekara, na ɗan ƙasa kuwa kusan fam 5,000. Hukumar UKRI, wadda ke ɗaukar nauyin gurabe da yawa, ta buɗe wa 'yan waje ƙofa tun 2021, amma ba za su wuce kashi 30 cikin ɗari ba, kuma kuɗin ɗan ƙasa kawai take biya. Ragowar sai jami'a ta yafe, in ba ta yafe ba yana wuyanka. Wannan ita ce tambayar farko da za ka yi kafin ka ɓata dare kana cika takarda, kuma a rubuce za ka nemi amsar. Alawus ɗin shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026 fam 20,780 ne. A ido ya yi kama da na KAUST, amma daga ciki za ka biya haya da wuta da ɗumama ɗaki, ga kuɗin biza, ga fam 776 na kula da lafiya na kowace shekara da ake karɓa gaba ɗaya tun kafin ka taka ƙasar. Guraben shirin GW4, wanda ya haɗa Cardiff da Bristol da Bath da Exeter, a kaka ake rufe nemansu domin karatun da zai fara shekara mai zuwa, don haka wanda ya farka a watan Janairu ya makara. Sannan tallafin Commonwealth da 'yan Nijeriya ke dogaro da shi yana duban inda mutum ke zaune na dindindin, ba fasfo kaɗai ba, wanda aka haifa a Makka kuma bai taɓa zama a gida ba ya karanta sharuɗɗan da kyau. Ɗan Nijar da ɗan Sudan ba sa ciki ma sam. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, da hedikwatarsa ke nan Jidda, yana da nasa tallafin na digirin digirgir, ya cancanci a leƙa.

Hanyar da mutanenmu ba su cika dubawa ba, kuma ni ita ta fi kwanta mini a rai, ita ce Holan da Denmak da Suwidin. A waɗannan ƙasashen mai digirin digirgir ma'aikaci ne. Ana tallata gurbin kamar kowane aiki, a yi maka tambayoyi, in an ɗauke ka a ba ka albashi da hutu, babu kuɗin makaranta, babu bambancin ɗan ƙasa da baƙo a wajen biya. Shekara huɗu ne a Holan da Suwidin, uku a Denmak. A Amsterdam akwai ɗakin binciken Danielle Posthuma, inda manhajojin FUMA da MAGMA suka fito, waɗanda kusan duk mai wannan aikin yana amfani da su. A Aarhus akwai shirin iPSYCH. Denmak ta adana ɗigon jinin da ake ɗauka a diddigen kowane jariri tun farkon shekarun 1980, sannan tana da rajistar duk wanda ya taɓa zuwa asibitin ƙwaƙwalwa, sai aka haɗa biyun. Babu wata ƙasa a yankinmu da ke da irin wannan. Aibinsa shi ne gurbi ɗaya ake tallatawa mutum ɗari su nema, kuma aikin an riga an yanka shi, kai dai ka zo ka ɗinka. Ga sanyi, ga azumin da kan yi tsawo idan ya faɗo a bazararsu, ga kaɗaici.

Amurka ba zan daɗe a kanta ba. Cibiyar Broad da ke Cambridge, kusa da Boston, ita ce uwa a fannin, amma karatun shekara biyar zuwa shida ne, kuma maganar biza ta zama abin da ta zama. Dokar hana shiga ta watan Yunin 2025 ta haɗa da Sudan. Ba na ba yaro shawara ya jingina shekara biyar na rayuwarsa a kan abin da sa hannu ɗaya zai iya rushewa.

Duk waɗannan wuraren na Turai ciwo ɗaya ke damunsu, kuma ciwon ya shafe mu kai tsaye. Wani nazari na 2019 ya nuna kusan kashi 79 cikin ɗari na mutanen da aka yi irin wannan binciken a kansu 'yan asalin Turai ne, alhali su kashi 16 ne na mutanen duniya. UK Biobank kanta fiye da kashi 90 farar fata ne. Makin haɗarin da aka gina a kansu idan aka ɗora wa ɗan Afirka sai ƙarfinsa ya zube. Kundin 1000 Genomes, da ake amfani da shi a matsayin ma'auni, yana da Yarbawan Badun da Esan da Mende da mutanen Gambiya da Luhya na Kenya. Babu Bahaushe ko ɗaya. Kuma ba ƙaramin abu ake rasawa ba. Tun 1992 aka fara kwatanta tsofaffin Badun da baƙaƙen fatan Indianapolis a Amurka, aikin da marigayi Benjamin Osuntokun da Hugh Hendrie suka assasa, Adesola Ogunniyi ya ci gaba da shi. A 2001 suka bayyana cewa a duk shekara kashi 1.35 cikin ɗari na tsofaffin Badun ke kamuwa da gigin tsufa, a Indianapolis kuwa kashi 3.24. Sannan APOE4, wanda a Turawa kwafi ɗaya ke ninka haɗari kusan sau uku, kwafi biyu fiye da sau goma, a Yarbawa ƙarfinsa ya yi rauni ƙwarai duk da suna da shi da yawa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, haka ne, amma ga shi harafi ɗaya ya yi gudu a wani wuri ya yi rarrafe a wani. Duk wanda ya warware dalilin wannan ya yi wa duniya aiki, ba Afirka kaɗai ba.

To me zai hana a koma gida a yi? A Badun akwai Rufus Akinyemi da gamayyar masu binciken gigin tsufa ta Afirka. A taɓin hankali akwai shirin NeuroGAP, wanda ya tashi da nufin tattara kusan mutum 35,000 a Habasha da Kenya da Yuganda da Afirka ta Kudu, ga Jami'ar Cape Town mai ƙarfi a fannin. Tambayoyin da suka fi daɗi a nan suke. Matsalar ita ce kusan duk kuɗin daga waje yake zuwa, kuma shirin H3Africa da ya raini wannan fanni na shekara goma ya kammala a 2022. Ɗalibin da alawus ɗinsa ke rataye da tallafin da zai iya yankewa a shekara ta biyu yana cikin haɗari. Wanda zai bi wannan hanya ya nemi gurbin da ke da mushrifi biyu, ɗaya a Afirka ɗaya a waje, kuma ya ga takardar kuɗin da idonsa. Sudan kuwa abin tausayi ne. Ƙasar Tijjani al-Mahi ce, ɗaya daga cikin iyayen likitancin ƙwaƙwalwa a Afirka, kuma a Jami'ar Kartum ɗakin binciken Muntasir Ibrahim ya yi aiki a kan ƙwayoyin gadon ƙabilun ƙasar, har da Hausawan can. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya tarwatsa malamai da ɗalibai. 'Yan uwanmu na Mai Wurno da Gadarif da suka fito da digiri na biyu a hannu, KAUST da guraben albashi na Turai su ne suka fi musu sauƙin shiga, domin ba sa neman ka zo da kuɗinka.

Ga yadda na yanke mata. In abin da kike so shi ne ki zama gwanar lissafi, ki ƙera kayan aikin da wasu za su ɗauka, ki zauna a Thuwal, ki tara kuɗinki, ki riƙa zuwa gaida Hajiya duk Juma'a, bayan digiri ki tafi Cardiff ko Amsterdam aikin bincike na shekara biyu ko uku. A lokacin su za su biya ki, kuma wanda ya iya lissafi sosai ba ya rasa mai nemansa, domin koya wa masanin ƙididdiga ilimin halitta ya fi sauƙi a kan koya wa likita ƙididdiga. In kuwa cutar ce ta hana ki barci, kamar yadda na ga alama, to ki nufi inda masu cutar da masananta suke tun yanzu, ki sa guraben albashi a gaba, Birtaniya ta biyo baya sai in an yafe ragowar kuɗin. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sayar da fili a Kano a biya wa yaro digirin digirgir a wannan fanni. Wurin da ke son ka da gaske shi ke biyanka.

Maganar igama ma sai an zauna a kanta kafin a sayi tikiti. Mai zama a ƙarƙashin mahaifinsa in ya fita, da bizar fita da dawowa yake fita, kuma dole a riƙa sabunta igamar ana biyan kuɗinta yana can. Ɗa namiji in ya kai shekara 25 ba ya ci gaba da zama a ƙarƙashin uba, sai ya nemi nasa kafilin, wato wanda zai tsaya masa. Akwai waɗanda suka tafi karatu suka dawo garin da aka haife su da bizar umara. Ita mace ce ba ta yi aure ba, nata da sauƙi, amma ƙannenta maza na gaya musu su yi wannan lissafin da wuri.

Kafin ta rubuta wa kowa na sa ta zauna wata biyu ta koyi abin da za a tambaye ta. Harshen kwamfuta na R, wanda ake ƙididdiga da shi, ta riga ta iya. Ta ƙara da Python da yadda ake ba kwamfuta umarni a Linux, ta sauke manhajar PLINK da bayanan 1000 Genomes, duk kyauta ne, ta yi ɗan aiki na gwaji ta ɗora a GitHub, shafin intanet da ake baje irin wannan aiki. Shafi ɗaya na aikin da ka yi da hannunka ya fi wasiƙa mai shafi uku da ke cewa kana da sha'awa. Ta kuma sake zama jarrabawar Turanci ta IELTS, domin galibi 6.5 ake nema. Na ce mata kada ta ɓoye cewa tana jin Hausa da Larabci kamar ruwa. A al'ummar da ake ɓoye mai taɓin hankali a ƙuryar ɗaki don kada 'yan uwansa mata su rasa miji, a ce aljanu ne ko sammu, ba kowa ne zai shiga gida ya fito da yardar mutane a ɗebi yawunsu ba. Wanda zai iya hakan da harshen gidan yana da abin da ba a koyarwa a Cardiff.

Amsar tambayarta ta farko kuwa, ita da kanta ta samo ta ta kawo mini. Binciken tagwaye ya nuna gado na da kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari a Alzheimer, amma gigin da ya zo wa mutum bayan shekara tamanin ba hukunci ba ne a kan jikokinsa. Kwamitin mujallar Lancet na 2024 ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa, irin su hawan jini da ciwon sukari da raunin ji da shan taba, ya ce suna da hannu a kusan kashi 45 cikin ɗari na gigin tsufa. Washegari ta saya wa mahaifiyarta na'urar awon jini.

Yanzu ta aika wasiƙa uku, ɗaya Thuwal, ɗaya Cardiff, ɗaya Amsterdam. Kowacce ta rufe ta da tambayoyi iri ɗaya: waɗanne bayanai zan taɓa a watan farko, mutum nawa ne 'yan asalin Afirka a ciki, wa zai biya ragowar kuɗin makaranta, kuma ɗalibanku uku na ƙarshe ina suke aiki yanzu. Biyu sun amsa. Na ukun ta ce za ta ba shi zuwa ƙarshen wata.